Weibo da Tukunyar Abincin Rana: Lacca kan Yadda Sinawa ke Haɗa Kai

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, 'yan'uwa, sannunku da zuwa.

A shekarar 2009 gwamnatin Sin ta toshe Twitter. A watan Agustan shekarar kuma kamfanin Sina ya buɗe Weibo, shafin sada zumunta irin Twitter, inda a lokacin mutum ke rubuta saƙon da bai wuce harafi 140 ba. Kada ku raina wannan adadi. A rubutun Sinanci harafi ɗaya kan ɗauki kalma sukutum, saboda haka saƙo guda ya isa a kai ƙara.

Sinawa suna da wata kalma, weiguan, wato a kewaye abu a zuba masa ido. A ganina nan ƙarfin yake. A ƙasar da kafa ƙungiya ba da izini ba kan jawo wa mutum ɗauri, idanu ne ke taruwa, jami'i kuma ya san ana kallonsa.

Ga misalin da ya fi taɓa ni. A 2011 wani ɗan jarida, Deng Fei, ya ji labarin yaran ƙauyukan lardin Guizhou da ke wuni a makaranta da yunwa, domin gida ya yi nisa. A watan Afrilu shi da ɗaruruwan 'yan jarida suka nemi taimako ta Weibo: yuwan 3 a kuɗin Sin, kuɗin abincin rana na yaro ɗaya. To ku lura da dabarar. Kowace makarantar da ta karɓi kuɗi dole ta buɗe shafinta, ta riƙa bayyana abin da aka sayo da abin da aka dafa. Wanda ya ba da yuwan 3 daga Shanghai yana iya leƙa tukunyar. Amana ke nan ta samu wurin zama. A watan Oktoba gwamnati ta sanar da ware yuwan biliyan 16 duk shekara domin ciyar da ɗaliban karkara kusan miliyan 26.

Amma fa Deng Fei abinci ya nema wa yara, bai taɓa kujerar kowa ba. Da masu murya a Weibo suka fara yin yawa, sai aka ja linzami. A Satumban 2013 aka fito da ƙa'ida: saƙon ɓata suna da aka yaɗa sau 500, ko aka karanta sau 5,000, na iya kai mai shi gidan yari shekara 3. Mutane da yawa suka koma hira a ƙananan zaurukan manhajar hira ta WeChat, inda sai wanda aka gayyata ke ji.

Malam, na ga ka ɗaga hannu. Bismillah.