Sharhi: Saƙo Ɗaya, Zaure Goma

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A makon da ya wuce wani dattijo ya tare ni a bakin masallaci nan Gusau, waya a hannu, ransa a ɓace. Wai adimin ɗin zauren WhatsApp na unguwarsu ya goge masa saƙo, har ya ja masa kunne. Na ce, "Baba, mene ne saƙon?" Ya kunna mini. Muryar wani mutum ce yana haki, yana cewa 'yan bindiga sun tare hanya, kowa ya koma. Babu sunan hanyar, babu rana, babu sunan mai maganar. Na tambaye shi ya tabbatar? Ya ce, "Ɗana, a zaure huɗu na gan shi."

To, a nan gizo ke saƙar. Baba yana ganin shaidu huɗu ya samu, alhali mutum ɗaya ne ya yi magana, sauran ukun amsa-amo ne. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masu kula da zaurukan tattaunawa suke hana a ɗauki saƙo ɗaya a watsa shi ko'ina a lokaci guda. Maimaici yana yi wa ƙarya rigar gaskiya.

Matsalar ta girmi wayoyin da ke aljihunmu. A watan Afrilun 1994, wasu lauyoyi biyu a Amurka, miji da mata, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar cacar izinin zama a ƙasar cikin zauruka fiye da 5,000 na tsarin Usenet, wani tsohon dandalin tattaunawa na intanet. Masu hirar kimiyya, masu hirar girki, kowa ya wayi gari da talla a gabansa. Daga irin wannan ne masu riƙe da na'urorin suka riƙa ƙayyade yawan zaurukan da saƙo ɗaya zai shiga.

Sai kuma 'yan tsokana, waɗanda su ba kuɗi suke nema ba, rigima suke so. Mutum zai ɗauko maganar da ya san za ta yi zafi, ya jefa a zauren 'yan wannan jam'iyya, ya jefa a na waccan, ko ya kai wa almajiran malamai biyu da ba sa ga maciji. Ya ɗauki hoton martanin waɗannan ya kai wa waɗancan, sannan ya koma gefe yana shan shayinsa. Kafin la'asar an zagi iyaye.

Kamfanin WhatsApp ma sai da jini ya zuba kafin ya farka. A 2018 jita-jitar masu satar yara ta bazu a Indiya, har a wani ƙauye na jihar Maharashtra gungun mutane suka kashe baƙi biyar a rana ɗaya. A watan Yulin shekarar kamfanin ya ce a Indiya ba za a tura saƙo wuri fiye da biyar a lokaci guda ba, a Janairun 2019 dokar ta game duniya. Da korona ta zo, a Afrilun 2020, ya ƙara ɗaurewa: saƙon da ya riga ya sha yawo, mai kibiya biyu a samansa, wuri ɗaya kawai za ka iya tura shi. Kamfanin ya ce yawon irin waɗannan saƙonni ya ragu da kashi 70 cikin ɗari. Mu nan ba ma buƙatar zuwa Indiya. Wa ya manta daren watan Agustan 2014, da aka tashe mu ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri saboda Ebola?

Na san abin da wani mai sauraro a Ƙauran Namoda ko Tsafe zai ce, kuma yana da gaskiya: a jihar nan saƙon gargaɗi ya sha ceton rai. Da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, mun ɗanɗana zama babu labari, ba daɗi. Amma gargaɗin da ke da amfani yana zuwa da suna, da wuri, da lokaci, daga bakin wanda za a iya kira a tambaya. Muryar da ta shekara tana yawo, duk lokacin da ta dawo sai direbobi su fasa lodi, mata su kwashe yara daga makaranta, ranar da na gaske ya zo kuma a ce ai tsohon nan ne.

Dokar taƙaita tura saƙo ba ta toshe bakin kowa, ba kuma ta hana mai naci, don zai iya kwafe rubutun ya liƙa zaure bayan zaure. Ɗan jinkiri kawai take sawa, kamar tudun da ake yi a titi gaban makaranta.

Baba dai bai gamsu ba. Da muka rabu yana cewa zai kai ƙarar adimin ɗin wurin mai unguwa, domin yaron a gabansa aka haife shi.