Amsoshin Tambayoyinku: Sikotlan ta ɓalle, ko ta ci gaba da zaman haƙuri da Landan?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau jakar tamu ta cika ta tumbatsa, lokacin kuma ɗan ƙil aka yanka mana, saboda haka wanda bai ji tasa ba ya yi mana uzuri.

Ta farko daga wani tela ce a Kano. Ya ce: "Wai Sikotlan ƙasa ce ko jiha? Na ga ƙungiyar ƙwallonsu daban da ta Ingila." To maigida, ƙasa ce a cikin ƙasa. Birtaniya gamayyar huɗu ce: Ingila, Sikotlan, Wales da Ailan ta Arewa. A filin ƙwallo kowa da rigarsa, amma fasfo ɗaya suke riƙewa, soja ɗaya, Firayim Minista ɗaya a Landan.

Sai wata Hajiya daga Damagaram, ta ce da gaske ne mazan Sikotlan siket suke sawa? Hajiya, ki rufa mana asiri kar su ji kin ce siket. Sunansa kilt, tufafin gargajiyarsu ne, kuma galibi sai ranar ɗaurin aure ko wani babban taro ake fito da shi, kamar yadda Alhajinki yake ajiye babbar rigarsa sai sallah.

Yanzu kuma ga wadda za ta cinye mana lokaci, don ta zo daga mutum da yawa. Akwai ɗalibi daga Sakkwato da ya ce yayansa yana karatu a Gilasgo, akwai wata baiwar Allah daga Kumasi, akwai wani direban tirela daga Garwa. Duk bakinsu ɗaya: shin ya kamata mutanen Sikotlan su kaɗa ƙuri'ar ɓallewa su kafa ƙasarsu?

Bari in fara tuna muku cewa an taɓa tambayarsu. Ranar 18 ga Satumban 2014 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu rajista suka fito, har da 'yan shekara 16 da 17. Kashi 55 suka ce a zauna, kashi 45 suka ce a raba gari. Zan maimaita saboda masu rubutawa: 55 a zauna, 45 a rabu. Biranen Gilasgo da Dundee sun zaɓi rabuwa, babban birni Edinbara ya ce a'a. Washegari Alex Salmond, jagoran jam'iyyar SNP mai fafutukar 'yancin kai, ya sanar da cewa zai sauka.

Na kira wani malamin kimiyyar siyasa ta waya. Dokta, barka da warhaka, ka ji tambayar.

"Barka kadai. Ai kafin mu je can, dole a koma baya. A 1603 Sarki James na Sikotlan ya gaji sarautar Ingila, sarki ya zama ɗaya amma majalisa biyu. To daga baya, wajen 1698, attajiran Sikotlan suka zuba dukiya mai ɗimbin yawa don kafa mulkin mallaka a Darien, can inda Panama take yanzu. Zazzaɓi da yunwa da Sifaniyawa suka gama da abin, jari ya karye. Shi ya sa a 1707 da aka kawo maganar haɗa majalisu, manyansu da yawa suka sa hannu, don a cikin yarjejeniyar har da kuɗin da za a biya waɗanda suka yi asara. Talakawa kuwa sun yi bore a tituna. Amma fa sun riƙe kotunansu da cocinsu da tsarin makarantunsu, kuma in ka duba tarihin cocin nan..."

Dokta, Allah ya gafarta malam, kar mu shiga coci, mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Tambayar direban nan ita ce: su fice, ko kar su fice?

"To, ai ya danganta. Ka ga a 1999 an dawo masu da majalisarsu a Edinbara, ita ke kula da lafiya da ilimi da 'yan sanda. Ɗan Sikotlan ba ya biyan kuɗin karatun digirin farko a jami'o'insu, na Ingila kuwa yana biyan sama da fam 9,000 a shekara. Masu son rabuwa suna cewa, tunda mun iya wannan, a ba mu sauran. Suna kuma kuka da cewa tun 1955 jam'iyyar Conservative ba ta sake samun rinjaye a Sikotlan ba, amma sau da yawa ita ke mulkinsu, saboda su kimanin miliyan biyar da rabi ne, Ingila kuwa ta ninka su wajen sau goma. Ga jiragen ruwa masu ɗauke da makaman nukiliya da aka ajiye masu a Faslane, kusa da Gilasgo, SNP ta ce ba ta so. Sai kuma mai. A lokacin ƙuri'ar, gangar ɗanyen mai tana wajen dala 100, ana ta lissafi da man Tekun Arewa da ake haƙowa ta birnin Abadin. Zuwa farkon 2016 ta faɗo wajen dala 30. Mu da muke ƙasar mai ai mun san wannan ciwon."

Mun sani ƙwarai, Dokta. Mun gode, ko da yake har yanzu ba ka ce e ko a'a ba. Haka malamanmu suke jama'a, ka tambaye su hanyar kasuwa su fara ba ka tarihin wanda ya gina ta.

To bari in ɗora daga inda ya tsaya. Abin da ya fi kayar da masu son rabuwa a 2014, a ganina, maganar kuɗi ce. An tambayi Salmond, wane kuɗi za ku riƙa kashewa? Ya ce fam, tare da Ingila. Ministan kuɗi na lokacin, George Osborne, ya je har Edinbara ya ce in kun fita, ba za mu haɗa kuɗi da ku ba. Tsohuwa mai karɓar fansho ta ji haka, me kake tsammani za ta zaɓa? Ni da kaina na taɓa miƙa fam goma a wani shago a Landan, irin wadda bankunan Sikotlan ke bugawa, don bankuna uku a can suna buga tasu takardar. Mai shagon ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ɗaga ta saitin fitila, sannan ya turo mini abata ya ce ko ina da "ta gaske". Fam ɗaya ce fa, darajarta ɗaya. To ina ga an raba?

Sai dai kuma ba a yi wa 'yan Sikotlan adalci ba, nan kam ra'ayina ne ba na gidan rediyo ba. A 2014 an ce masu in kuna son zama cikin Tarayyar Turai, to ku zauna da Birtaniya. Suka zauna. Shekara biyu kacal, a 2016, aka yi ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar, kashi 62 na 'yan Sikotlan suka ce ba sa son fita, amma aka fita da su. Suka nemi a sake tambayarsu, Landan ta ce ai kun riga kun amsa. Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotlan ta lokacin, ta kai maganar Kotun Ƙoli, a Nuwamban 2022 kotun ta ce majalisar Edinbara ba ta da ikon shirya ƙuri'ar sai da amincewar majalisar Landan. Kun gane? Ana cewa auren soyayya ne ba na dole ba, amma makullin ɗaki yana aljihun miji.

Saboda haka, 'yar'uwa ta Kumasi, in ni aka tambaya: a bar su su sake kaɗa ƙuri'a, haƙƙinsu ne. Amma da ina da ƙuri'a a hannu, ba zan dangwala wa rabuwa ba sai an gaya mini wane kuɗi za a biya ni albashi da shi, da kuma yadda mota za ta riƙa tsallaka iyaka zuwa Ingila, inda mafi yawan hajarsu ke zuwa. Ba na cinikin biri a sama.

Ɗalibin Sakkwato ya ƙara da cewa ko yayansa zai iya yin zaɓen? A 2014 dai 'yan ƙasashen Commonwealth, wato ƙasashe renon Ingila, mazauna Sikotlan, irin Najeriya da Ghana, sun kaɗa ƙuri'a, alhali haifaffen Edinbara da ke zaune a Landan bai samu ba. Amma ka gaya wa yayan naka ya fara gama karatun da aka tura shi tukuna.

Wani kuma daga Jos ya aiko mana shafi uku cur, zagin Turawa daga farko har ƙarshe, na laluba ban ga tambaya ba. Malam, filin tambayoyi ne, ba na huɗuba ba. Ka sake rubutowa, layi biyu ya isa.

Ta ƙarshe, daga wani mai shayi a Maraɗi: da gaske Musulmi ya taɓa shugabantar Sikotlan? Gaskiya ne, Humza Yousaf, haifaffen Gilasgo, mahaifinsa ɗan asalin Pakistan. Ya hau a Maris ɗin 2023, ya sauka a Mayun 2024 bayan ya raba gari da jam'iyyar Green da suke ƙawance, John Swinney ya gaje shi.

An ɗaga mini hannu karo na uku. Mai tambaya kan Kataloniya da mai tambayar Sudan ta Kudu, na ajiye takardunku a saman jaka, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.