Amsoshin Tambayoyinku: Sauron da ake saki da gangan, da abin da ruwan masai ke faɗa wa likitoci

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙun wannan mako sun karkata ne ga binciken kimiyya, kuma za mu fara da wadda ta fi ɗaukar hankalina.

Wani malamin makaranta ya rubuto yana cewa: "Na ji wai a wasu ƙasashe masana na kiwon sauro suna saki cikin gari da sunan maganin cuta. Gaskiya ne? Ta yaya mai kawo ciwo zai zama magani?"

To malam, gaskiya ne, ba ƙanzon kurege ba. Amma a fara bambancewa: ba sauron cizon dare mai kawo maleriya ake nufi ba. Wani ne daban, mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, wanda ya fi cizo da rana, masana na kiransa Aedes aegypti. Shi ke yaɗa zazzaɓin denge da Zika da shawara.

Akwai wata ƙwayar bakteriya mai suna Wolbachia da ke zaune a jikin kusan rabin nau'o'in ƙwarin duniya, ba ta cutar da mutum. Masana a Ostireliya, ƙarƙashin jagorancin Scott O'Neill, suka ciro ta daga jikin ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin 'ya'yan itace, suka riƙa cusa ta cikin ƙwan sauro da allurar gilashi wadda ta fi gashi siranta, ƙwai ɗaya bayan ɗaya, ido na kan madubin ƙara girma. Sun shafe shekaru suna faɗi-tashi kafin ta kama. Da ta zauna a jikin sauron, sai ƙwayar denge ta kasa hayayyafa a cikinsa yadda ta saba, ko ya ciji mara lafiya da wuya ya kai wa na gaba.

Inda abin ya fi burge ni shi ne yadda take yaɗa kanta. Uwar sauro na gadar wa 'ya'yanta ita ta cikin ƙwai. Idan kuma namiji mai ɗauke da ita ya haɗu da macen da ba ta da ita, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. Ka ga kenan a hankali masu ɗauke da ita su ke cika gari, ba sai an yi ta saki har abada ba. An fara saki a yankin Cairns na Ostireliya a 2011.

Babbar shaida ta fito ne daga birnin Yogyakarta na Indonesiya, inda Farfesa Adi Utarini ta Jami'ar Gadjah Mada ta jagoranci gwajin. Aka raba birnin gida 24, aka saki sauron a 12, aka bar sauran. Ƙananan bokitai masu ruwa da ƙwan sauro aka riƙa ajiyewa a gidajen mutane, da yardarsu. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna kamuwa da denge ta ragu da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka saki, kwanciya asibiti kuma da kashi 86. Kuma ka lura, malam, aikin nan ba na likita kaɗai ba ne. Sai da masanin ƙwari, da mai lissafi, da mai zana taswira, da masu bi gida-gida suna wa jama'a bayani suka haɗa hannu. A ganina wanda ya shawo kan uwar gida ta karɓi bokitin sauro a tsakar gidanta bai gaza mai riƙe da allura a ɗakin gwaji ba.

Sai wata 'yar'uwa da ke tambaya: "Me masu binciken lafiya ke nema a ruwan masai?"

Labarin gari suke nema, malama. Mai ɗauke da wasu cututtuka yana fitar da ɓurɓushinsu a bahaya tun kafin ya ji ciwo, wani ma ba zai taɓa ji ba. Kwalba ɗaya daga babbar magudana tana wakiltar dubban mutane. A watan Maris na 2020 masana a Holan sun gano ƙwayar korona a ruwan ƙazantar garin Amersfoort kafin a samu mutum ko ɗaya da aka tabbatar ya kamu a garin. A 2022 kuma aka ga ƙwayar shan inna a ruwan magudanar Landan, daga baya aka kira yara 'yan shekara 1 zuwa 9 su karɓi ƙarin rigakafi.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce, cikin damuwa: "Da gaske roba na shiga jinin mutum?"

Ɗan'uwa, tana shiga. Roba ba ta ruɓewa kamar ganye, farfashewa take yi har ta koma ƙura, ta bi ruwa da iska. A 2022 masana a Amsterdam suka gwada jinin mutum 22, suka sami ɓurɓushinta a 17. A 2024 likitoci a Italiya suka duba kitsen da aka kankaro daga jijiyar wuyan marasa lafiya 257, fiye da rabinsu akwai roba a ciki. Da aka bi su kusan shekara uku, waɗanda ke da ita sun ninka sauran fiye da sau huɗu wajen bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwa. Alaƙa binciken ya nuna tsakanin abubuwan biyu, kuma alaƙar ta isa ta sa mutum ya daina ɗumama abinci cikin mazubin roba, ya kuma nisanci hayaƙin bolar da ake ƙonawa da leda a ciki.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.