Darasi: Gyaran GPO Don Kwamfutocin Ofis Su Daina Jan Ƙafa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan Group Policy muke, wato tsarin Windows na tura dokoki da saituna zuwa kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya. Na ɗauka kowa ya riga ya kafa domen ɗinsa kuma ya iya ƙirƙirar GPO, wato kundin dokokin Group Policy, don haka ku buɗe gpmc.msc, wurin sarrafa su, mu wuce.

Kun ga wannan Default Domain Policy? Ku ƙyale ta, don Allah. Dokar kalmar sirri, da ta kulle asusu idan an yi ta kuskuren shiga, da ta Kerberos, tsarin tantance mai shiga, su kaɗai suka cancanci zama a cikinta. Akwai wani ofis da aka taɓa kira na, wai ma'aikaci zai kunna kwamfuta da safe, ya je ya sha shayi ya dawo, tana nan tana juyi. Ina buɗewa na tarar an jibge komai a ciki, firinta, hoton allo, har da saka manhaja. Ga wasu GPO a gefe masu suna "gwaji", "gwaji2", "sabo". Wanda ya yi su ya bar aiki, kowa kuma tsoron taɓa su yake.

Shi ya sa nake damuwa da suna. Ni dai ina farawa da K idan ta kwamfuta ce, M idan ta ma'aikaci ce, kamar M-Firinta-Akanta. Ku yi naku salon, amma ku tsaya a kansa. Idan ta K ce, sai ku shiga Details, a GPO Status ku kashe ɓangaren mai amfani. Gudun da za a samu ba wani mai yawa ba ne, kada wani ya ruɗe ku, amma tsafta ce.

Jerin da ake bi wajen aiwatar da dokoki kun san shi: dokar kwamfutar kanta, sai site, wato yankin da take a network, sai domen, sai OU, wato sashen da ake ware kwamfutoci ko ma'aikata a cikin domen, wadda ta zo ƙarshe ita ke da magana. Idan kuma GPO biyu suna kan OU ɗaya, ta ƙasa ce ke... a'a, tsaya, na juya maganar. Mai lamba 1 a Link Order, ta sama, ita ake aiwatarwa ƙarshe, ita ke rinjaye. Block Inheritance, mai hana dokokin sama saukowa, da Enforced, mai tilasta su, kuwa, ni gudunsu nake, don bayan wata shida kai kanka ba za ka gane aikinka ba. Af, wannan ma'ajin Computers da sabbin kwamfutoci ke faɗawa ba OU ba ce, ba a maƙala mata GPO. Umarnin redircmp zai karkatar da su inda kuke so.

To, nauyin nan daga ina yake? Mutane suna ɗora wa yawan GPO laifi, alhali galibi abin da ke ciki ne. Tacewar WMI, wato tambayar da ake yi wa kwamfuta kafin doka ta hau kanta, musamman idan aka sa Win32_Product, sai ta sa kwamfuta ta bi duk manhajar da aka saka da MSI, fayil ɗin saka manhaja na Windows, tana dubawa. Ga kuma rubutun shiga, wato logon script, da ke jiran wata sabar da ta mutu tun bara. Kada ku yi ta canki-canka. Ku buɗe Event Viewer, ku shiga GroupPolicy, Operational, ku nemi lamba 5016. Zai faɗa muku lokacin da kowane sashe ya ci.

Yanzu ga wurin da ya taɓa hana ni barci, ku saurara da kyau. Ina son wannan GPO ta firinta ta hau kan 'yan akanta kaɗai. A Security Filtering na cire Authenticated Users, rukunin da ya haɗa duk ma'aikata da kwamfutocin domen, na sa rukuninsu. Da can shi ke nan, an gama. Amma tun gyaran da Microsoft ta fitar a watan Yunin 2016, MS16-072, asusun kwamfutar ne ke zuwa ɗauko dokar, ba na mutumin ba. Ka cire Authenticated Users, ka hana kwamfutar karatu ke nan, dokar ba za ta sauka ba, kuma ba wani saƙo da zai fito wa ma'aikaci. Maganin: ku koma Delegation, Add, ku dawo da Authenticated Users, ku ba shi Read. Read kawai fa, ban da Apply. Na maimaita, Read kawai. Idan kun sa Apply, ta sake hawa kan kowa. Ba rukunin Domain Computers Read ma yana yi.



Bari mu gwada. Kwamfuta da kanta tana sabunta doka duk minti 90, da ƙarin da ba ya wuce minti 30, amma wa zai jira? Na buga gpupdate /force. Sai gpresult /r. Ga ta nan, M-Firinta-Akanta ta hau. Kafin ku goge waɗancan na "gwaji", ku yi Back Up All, ku kashe mahaɗinsu mako biyu, ku ga ko wani zai kira ku.