Daga Tafkin Gidimuni Zuwa Bakin Teku: Hira Kan Kamun Kifi

Hajiya: Masu sauraro, barkanku da war haka daga nan Damagaram. Yau hirarmu kan kamun kifi a bakin teku ce, abin da ba mu da shi a Nijar. Alhaji, a shekarun da kake zirga-zirgar Kwatano, ka taɓa yin hutun ƙarshen mako tare da abokanka a Giran Popo. Ina ne wurin yake?

Alhaji: Garin yana ƙasar Benin, kimanin kilomita 80 yamma da Kwatano, dab da iyakar Togo, kuma yana zaune ne a kan wani siririn tudun yashi, teku a kudu, kogin Mono a arewa. Mun tafi da fatsa da ƙugiyoyinmu, domin cikinmu akwai wanda ya tashi a Gidimuni, garin nan mai tafki a jihar Damagaram, ya san tarwaɗa da karfasa tun yana yaro.

Malam: To, sanin tafki ya yi masa rana a can?

Alhaji: Bai yi ba, Malam. Ruwan tafki a kwance yake, mutum ɗaya da gora da birgi yana iya samun na miya. Teku kuwa tana cika tana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma igiyar ruwan gaɓar tana da ƙarfin da ƙugiya ba ta zama inda aka jefa ta. Kamun kifin mutanen wurin aikin gayya ne. Da sassafe ake tura babban kwale-kwale ya keta igiyar ruwa, ya zagaya yana sakin taru, sannan ya dawo da bakin igiya gaɓa. Daga nan mutane su kasu layi biyu, suna ja suna waƙa domin ƙarfinsu ya zo ɗaya, kuma jan yana cin awoyi kafin jakar tarun ta iso kan yashi.

Hajiya: Baƙo yana iya sa hannu, ko sai ɗan gari?

Alhaji: Ba su hana mu ba, Hajiya, kuma wanda ya ja yakan samu ɗan rabonsa. Mata ne suke jira da manyan kwanoni, su saye kifin nan take, su kai gida su yi banda. Mu kuma muka gasa namu a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, da barkono da albasa.

Malam: Akwai dalilin da ya sa kifi yake yawaita a wani lokacin. Daga watan Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi yana tasowa daga ƙasan tekun Gini ɗauke da abincin da ƙananan kifaye suke ci, shi ya sa sardin yake cika taru a lokacin. A wajenmu kuwa damina ce take yanke hukunci, domin idan ruwan sama ya yi ƙaranci tafki yana ja da baya, kifi ya ragu.

Alhaji: Inda fatsarmu ta yi amfani shi ne washegari, da muka hau kwale-kwale a kogin Mono zuwa wurin da ake kira Bush di Ruwa, inda kogin yake shiga teku. Ruwan can gauraye ne, ba gishiri zalla ba, kuma itatuwan da suke tsirowa a cikinsa suna da saiwoyi a waje, inda ƙananan kifaye da kaguwa da jatan lande suke fakewa. A nan ɗan Gidimuni ya huce haushinsa, domin karfasa ya yi ta cirowa.

Malam: Wannan yanki ne hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2017, Benin da Togo a haɗe. Madatsar ruwa ta Nangbeto da aka gama a kan kogin Mono a Togo a 1987 ta canza yadda ruwan kogin yake sauka, kuma kunkurun teku yana fitowa ya yi ƙwai a yashin gaɓar, saboda haka ba kowane abin da aka gani ake ɗauka ba.

Hajiya: Ni abin da ya fi damuna shi ne wanka. Yaranmu suna koyon iyo a tafki, sai su ɗauka duk ruwa ɗaya ne.

Alhaji: Gaskiyarki, Hajiya. A gaɓar nan akwai ruwan da yake komawa cikin teku da ƙarfi, yana janye mutum ko da ruwan bai wuce masa ƙugu ba. Masuntan da kansu suka ce kada mu wuce gwiwa, kuma a kwale-kwale kowa ya sa rigar kariya. Duk wanda zai je daga nan, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya yi cinikin kuɗin kwale-kwalen tun kafin ya hau.