Amsoshin Tambayoyinku: Zanen da Ya Gagari Yara

Mai gabatarwa: Jama'a, barkanmu da warhaka. Lokaci ya ƙure mana yau, don haka mu buɗe jakar wasiƙu, ga malamin lissafinmu nan a zaune.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce launi nawa zai isa a shafa wa taswira, ba tare da ƙasashe biyu masu iyaka da juna sun zo da launi ɗaya ba? Huɗu ne, ɗana. Tun 1852 ake wannan tambaya, sai a 1976 masana lissafi biyu, Appel da Haken, suka tabbatar da amsar da taimakon kwamfuta.

Sai wadda ta fi yawa a wasiƙun makon nan. Murabba'i ne, da layi biyu da suka gitta a cikinsa daga kusurwa zuwa kusurwa, a zana shi ba ɗaga biro, ba bi ta kan layi sau biyu. Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce yaranta sun cinye littafin rubutu guda a kansa. Malam, bismilla.

Malam: To, ai wannan sai mun leƙa birnin Königsberg, wanda yanzu ake kira Kaliningrad, a Rasha. A da can, kogin Pregel ya raba garin gida huɗu, gadoji bakwai suka haɗa shi. Mutanen garin suna son zagayen da za su hau kowace gada sau ɗaya tak. A 1736 masanin lissafi Leonhard Euler ya nuna ba zai yiwu ba. Mutum ne mai baiwa, ko da ya makance bai daina aiki ba…

Mai gabatarwa: Gafarta Malam, yaran Hajiya fa?

Malam: Can na nufa, ai dokar gadojin nan ita ce ta zanen. Duk mahaɗar da biro ya shiga ta wani layi, dole ya fita ta wani. Ke nan layukan kowace mahaɗa sai sun zama cika, bibbiyu. Mafari da ƙarshe kaɗai aka yafe wa su zama mara. To, wannan murabba'i kusurwarsa huɗu, kowacce layi uku gare ta.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, Hajiya ki saurara. A ƙirga layukan da suka haɗu a kowace kusurwa. In masu mara sun wuce biyu, a ajiye biro, ba ya zanuwa. Nan huɗu ne. Ba laifin yaranki ba ne, ko Malam ba zai iya ba.

Malam: Amma su ɗora masa rufi mai tsini kamar gida. Kusurwoyin sama sun koma huɗu-huɗu, na ƙasa biyu ne kawai masu uku. Su fara daga ɗaya ta ƙasa, za su ƙare a ɗayar.

Mai gabatarwa: Ku kuma samarin da ke sa wa ƙananan yara kuɗi a kan wannan zane, kun san ba ya yiwuwa, haba, ku bari.

Mai tambaya daga Kumasi kan dabarun cin dara, yi haƙuri ɗan'uwa, agogo ya cim mana. Da taka za mu fara mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.