Inabin Maskadin: Yadda Ake Shuka Shi, Kare Shi da Girbe Shi a Lambun Gida

A tsibirin Roanoke da ke jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, akwai wata tsohuwar kurangar inabi da mutanen wurin suke kira Uwar Kuranga, wadda aka ƙiyasta cewa ta kai kimanin shekara 400 tana ba da 'ya'ya. Irinta shi ne maskadin, inabin da asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, daga Delaware zuwa Fulorida, ya miƙa yamma har gabashin Tekzas. A wannan yanki mai zafi da laima, inabin Turai yakan sha wahala, domin wata cuta da ake kira cutar Pierce tana toshe hanyoyin ruwa a jikinsa har ya bushe. Maskadin kuwa ɗan gida ne, yana jure wannan cuta, shi ya sa ake ganinsa a bayan gidaje da yawa a Jojiya da Karolina da Alabama.

Wanda ya saba da inabin kasuwa zai ga bambanci nan take. 'Ya'yan maskadin manya ne, fatarsu mai kauri, suna da ƙwallaye a ciki, kuma ba sa fitowa a dogon nono mai 'ya'ya rututu, sai dai a ƙananan gungu. Launinsu iri biyu ne, akwai baƙi mai ratsin shuni, akwai mai ruwan tagulla, wanda mutanen yankin suka saba kira Scuppernong, sunan wani kogi a Karolina ta Arewa. A shekarar 2001 jihar ta ayyana Scuppernong a matsayin ɗan itacenta na hukuma.

Abin da ya kamata mai lambu ya fahimta tun farko shi ne, wannan kuranga ba ta buƙatar lallashi kafin ta girma. Ƙarfin yaɗonta ya wuce misali, kuma mafi yawan aikin da za a yi mata na taƙaitawa ne da saitawa.

Kafin a kai ga haka, sai an zaɓi iri, kuma a nan mutane da yawa suke yin kuskuren da ba a gane shi sai bayan shekara uku. Wasu nau'o'in maskadin mata ne zalla, wato furensu ba ya ɗaukar 'ya'ya sai an kawo masa garin fure daga wata kurangar. Fry da Supreme da Summit suna cikin waɗannan, kuma su ne masu manyan 'ya'yan da ke jan hankalin mai saye. Wasu kuwa, irin su Carlos da Noble da Cowart da Nesbitt, suna wadatar da kansu, har su wadatar da maƙwabtansu. Wanda yake da wurin kuranga ɗaya tak, to ya sayi mai wadatar da kanta. Wanda yake son mace, ya tabbata ya dasa mai ba da garin fure a kusa da ita, tazarar da ba ta wuce mita 15 ba, domin ƙananan ƙudan zuma ne suke jigilar garin.

Wurin dashe yana son rana sosai, aƙalla sa'a shida zuwa takwas a yini, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Maskadin yakan haƙura da ƙasa marar ƙarfi, amma ba ya haƙura da saiwarsa ta zauna cikin ruwa, don haka duk inda aka ga ruwa ya tsaya bayan an ɗauke ruwan sama, a bar wurin ko a tayar da kunya mai tsayi. Ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, da ya fi dacewa shi ne tsakanin 6.0 da 6.5. Ana dashe bayan sanyin hunturu ya wuce, saboda sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 12 a ƙarƙashin sifili a ma'aunin Celsius yana iya lahanta kurangar, balle ƙaramar da ba ta kafu ba.

A kafa abin hawa kafin a dasa. Mafi sauƙi shi ne waya ɗaya mai kauri da aka ɗaure tamau a kan dirkoki masu ƙarfi, tsayinta daga ƙasa kimanin mita ɗaya da rabi, kuma a bar wa kowace kuranga mita shida na waya, uku ta dama, uku ta hagu. Wannan tazara takan yi wa sabon mai lambu kamar ɓarnar fili, amma bayan 'yan shekaru zai ga wayar ta cika maƙil. Rumfa tana da kyau ga ido kuma tana ba da inuwa, sai dai datse kurangar da ta hau rumfa aiki ne mai wuya, kuma galibi takan rikiɗe ta zama sarƙaƙiya.

A shekarar farko manufa ɗaya ce: a samu gangar jiki guda, miƙaƙƙiya, ta kai waya. A zaɓi toho mafi ƙarfi, a ɗaure shi a jikin sanda ko igiya, a riƙa cire duk wani reshen gefe kowane mako. Idan ya kai waya, sai a tsinke kansa kaɗan a ƙasa da ita, domin ya fitar da rassa biyu, a kwantar da ɗaya dama ɗaya hagu. Waɗannan su ne hannuwan dindindin na kurangar. Saiwar maskadin ba ta nitsewa can ƙasa, tana bazuwa ne kusa da sama, saboda haka ba a yin noma mai zurfi a gindinta, ana tsige ciyawa ne da hannu, a shimfiɗa busasshen ganye don riƙe laima, a kuma kula da ban ruwa a shekara biyun farko. Taki kuwa kaɗan-kaɗan ake sawa, a zagaye, nesa da gangar jiki. Idan aka ga tsofaffin ganye suna yin rawaya a tsakanin jijiyoyinsu, alama ce ta ƙarancin sinadarin magniziyam, kuma gishirin Epsom, wani gishiri mai ɗauke da wannan sinadari, yana gyara shi.

Datsa ita ce ginshiƙin al'amarin. Maskadin yana yin 'ya'ya ne a kan sabon tohon da ya fito daga reshen bara, ba daga tsohon icce ba. Don haka kowace shekara, a tsakanin Janairu da farkon Maris lokacin da kurangar take barci, ana bin hannuwan nan biyu ana datse kowane reshen bara, a bar masa ido biyu ko uku kawai. Abin da za a zubar ya ninka abin da za a bari sau da yawa, kuma hannun mai tausayi yakan yi nauyi a nan, alhali kurangar da aka ji tausayinta ita ce take cika da ganye, iska ta kasa ratsa ta, 'ya'yanta su yi ƙanana su ruɓe. Idan an makara da datsa, ruwa zai riƙa ɗiga daga wurin yankan, wannan ba ya cutar da ita. Abin da yake cutarwa, kuma ake yawan mantawa da shi, shi ne siraran yatsun da take kama waya da su. Sukan naɗe hannun kurangar, su bushe su yi tauri kamar waya, su shaƙe shi har abin da ke gaba ya mutu. A duba su a yanke duk lokacin datsa.

Ta fuskar kariya, babban maƙiyi ɓoyayye ne. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai kama da rina wanda tsutsarsa take shiga ƙasa ta riƙa cin saiwa na tsawon kusan shekara biyu, mai lambu bai sani ba sai ya ga kuranga tana ramewa. Share ciyawa daga gindi yana rage masa mafaka. Cututtukan ruɓar 'ya'ya kuwa suna ƙaruwa da laima, kuma maganinsu na farko tsafta ce: a kwashe busassun 'ya'yan da suka maƙale da waɗanda suka faɗi, a fitar da rassan da aka datse daga lambun. Barewa tana cin sabon toho, shi ya sa ake kewaye ƙaramar kuranga da ragar waya, tsuntsaye da kurege da dabbar daren nan da ake kira rakun kuma suna jiran lokacin nuna. A yi hattara matuƙa da maganin kashe ciyawa, musamman 2,4-D, domin ko tururinsa iska ta kawo yana murɗe ganyen inabi. Ita kanta Uwar Kuranga ta Roanoke, a shekarar 2010 feshin maganin ciyawa da aka yi a gefen hanya ya taɓa ta, sai da aka yi ta yanke sassan da suka kamu kafin ta farfaɗo.

A shekara ta uku ake fara samun amfani na kirki, kuma girbi yana kamawa daga Agusta zuwa Oktoba, gwargwadon iri da wuri. 'Ya'yan gungu ɗaya ba sa nuna tare, don haka ana tsinkar su ɗai-ɗai, ana komawa bayan 'yan kwanaki. Nunanne yakan yi ɗan laushi, launinsa ya cika, ƙamshinsa ya tashi, kuma da an taɓa shi yake biyo hannu. Wanda ya yi gardama a bar shi, domin inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Mai kuranga da yawa yakan shimfiɗa tamfol a ƙasa ya girgiza waya, nunannun su zubo. A lura da rina a lokacin tsinka, tana son ɓuya cikin fasassun 'ya'ya.

Bayan girbi a ware waɗanda bakinsu ya yage a wurin tsinka, a ci su ko a matse su a ranar, masu busasshen baki kuma a sa su a firij ba tare da an wanke ba, za su yi mako guda ko fiye. Mutanen jihohin kudancin ƙasar Amurka suna da yadda suke cinsa: a saita bakin ɗan inabin a leɓe, a matsa, tsokar ta faɗa baki, a tofar da ƙwallayen. Fatar ma ba a zubarwa a gidaje da yawa, ana dafa ta da sukari har ta yi laushi, a haɗa da tsokar a yi abin shafa wa burodi da zai kai iyali har hunturu, lokacin da za a sake ɗauko almakashin datsa.